Da Sunan Wa Za Ka Shiga?

Ƙannena na Kafanchan, da na Kagoro, Zonkwa, Kwoi da Kachia, maza da mata, maganar da na kawo muku ƙarama ce a ido. Ita ce yadda ake girka mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira mai rubuta manhaja, wanda ke aiki a cikin baƙar tagar umarni ta kwamfuta, wadda 'yan sana'ar ke ce wa taminal, da kuma yadda ake shiga cikinsa da asusu. Wanda hannunsa ya saba, kafin shayi ya huce ya gama. Sai dai a daidai nan, tun ba a rubuta layin manhaja ko ɗaya ba, da yawanku ke yin sakacin da zai biyo su har gida. Kowa na ɗokin ya ga allo na rubutu da kansa. Ba mai tsayawa ya tambayi daga ina ya ɗebo abin, balle da sunan wa ya shiga.

Shekarar 2025 ce ta kawo irin waɗannan mataimakan a jere. A watan Fabrairu kamfanin Anthropic ya fito da Claude Code, a Afrilu OpenAI ya saki Codex CLI, a Yuni kuma Google ya zo da Gemini CLI. Akwai wasu bayan waɗannan, amma su uku ne kuka fi ambata, kuma hanyar girka su kusan ɗaya ce.

Ku fara gane bambancinsu da wanda kuke hira da shi a waya. Na waya magana kawai yake yi. Ya ba ka amsa, kai ne za ka kwafa ka kai inda kake so, ko ka watsar. Na taminal kuwa yana buɗe fayilolinka ya karanta, ya gyara, ya ƙirƙiri sababbi, ya goge, ya kuma ba kwamfutar umarni da irin ikon da kai kake da shi a kanta. Tunanin ba a kwamfutarka ake yin sa ba. Ɗan abin da ka girka yana ɗibar abin da ya karanta ya aika ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, can a yi lissafi a dawo masa da abin da zai yi. Shi ya sa tsohuwar laftof ta hannu ma ta isa, ba sai mai tsada ba. Shi ya sa kuma duk fayil ɗin da ya buɗe, ka ɗauka ya bar ɗakinka. Kamar ɗan ƙodago ne da ka ɗauka aikin citta, ga ƙarfi ga sauri, ba ya gajiya, amma ba a gona ka tsayar da shi ba, makullin sito ka miƙa masa. Ba mai yin haka sai ya san gidan da mutumin ya fito.

Kada wani ya ruɗe ku cewa baƙin allo sabon abu ne a garin nan, ko kuwa sana'ar 'yan Legas da Abuja ce. A Bayan Loco da ke Kafanchan akwai Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, John Dada na cikin waɗanda suka kafa ta. Ta ba mata ƙananan rance, ta koyar da kwamfuta, ta buɗe makarantar koyon haɗa sadarwa ta Cisco, ta kuma kafa ZittNet mai rarraba intanet ta iska, a zamanin da ko a manyan birane sai an je kafe ake duba imel. Da hasken rana da batura da tsofaffin kwamfutocin da aka gyara aka yi wannan aiki. Yayyenku da suka koyi saita na'urorin Cisco, a baƙin allo suka koya, harafi bayan harafi, kuma yawancin umarnin na'urar nan take yake aiki. Ka rubuta kuskure, sadarwa ta yanke, jama'a su juyo suna kallonka. Dole ce ta koya musu karanta layi sau biyu kafin su danna Enter. Ku kun fi su kayan aiki nesa ba kusa ba. Wannan ɗabi'ar tasu ce kawai nake tsoron ba ku gada ba.

To, mu duba kwamfutar tukuna. Ƙwaƙwalwar aiki mai gigabait 4 za ta ɗauka, mai 8 ta fi sauƙin numfashi. Idan Windows 7 ce a kai, kada ka wahalar da kanka, sababbin nau'o'in Node.js ba sa tafiya a kanta. Windows 10 tana aiki, amma Microsoft ta rufe tallafin da ta saba ba ta tun 14 ga Oktoba 2025, kuma da yawa daga tsofaffin kwamfutocinmu ba za su karɓi Windows 11 ba. Wanda ke da irin wannan, shawarata ya yi ƙarfin hali ya sa Linux, ko Ubuntu ko Mint. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma waɗannan mataimakan sun fi sakewa a cikinta. Wanda ba zai rabu da Windows ba yana iya girka WSL, wato Linux a cikin Windows, sai dai ya tanadi data don tana ci.

Akwai wata 'yar matsala da ba za ku gani a bidiyon 'yan ƙasashen waje ba, domin su ba ta damunsu. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan ƙaramin batir da ke riƙe agogo idan an kashe ta. A tsofaffin laftof sau da yawa ya mutu, sai ka kunna ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya. Shafukan da ke da tsaro suna nuna takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutarka kuma da agogonta take auna ta. Agogo ya karkace, ta ce shaidar ba ta da inganci, sauke kaya ya ƙi, shiga asusu ya ƙi. Sai ka ji yaro yana cewa ai an toshe Najeriya ne, a nemo VPN. Ba a toshe ta ba. Najeriya na cikin ƙasashen da kamfanonin nan uku ke ba hidima. Ka gyara agogo, ka sa ta riƙa saita kanta daga intanet, ka kai a canza batirin idan hali ya yi.

Wuta kuwa ba sai na faɗa muku ba. Ka cika caji kafin ka fara, domin girkin da ya katse a tsakiya yakan bar tarkacen da zai ruɗa ka. A kan data, tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowa ya koyi tsimi. Hirar da kake yi da mataimakin rubutu ne zalla, ba ta cin abin a zo a gani. Abin da ke lashe data shi ne sauke kayan farko, da kuma Windows da ke sabunta kanta a ɓoye da zarar ta ji ka haɗa ta da wayarka. Ka shiga saitin haɗin ka nuna mata datar ta awo ce, za ta kama kanta.

Yanzu girkin kansa. Hanyar da aka fi sani tana bi ta Node.js, wanda za ka ɗauko daga nodejs.org, ka zaɓi wanda aka rubuta wa LTS. Ka buɗe taminal ka rubuta node --version. Idan lambar da ta fito 20 ce ko sama, ka wuce. Daga nan layi ɗaya ne:

npm install -g @anthropic-ai/claude-code

Na OpenAI kuma @openai/codex ne a ƙarshen layin, na Google @google/gemini-cli. Ina so ku iya karanta layin nan gaɓa-gaɓa, ba hadda ba. Kalmar farko, npm, ita ce mai ɗauko kaya daga babban rumbun manhajojin Node.js. Ta biyu ta ce a girka. Ƙaramin -g ɗin nan na nufin a ajiye shi inda za a iya kiransa daga ko'ina a kwamfutar. Abin da ya biyo bayan alamar @ har zuwa alamar / shi ne sunan mai kayan, na ƙarshe kuma sunan kayan. Gaɓar mai kayan ita ce za ka zuba wa ido. Rumbun npm a buɗe yake, kowa na iya yin rajista ya ajiye abinsa, kuma mugaye sun daɗe suna ajiye kaya masu suna kusan iri ɗaya da na gaske, harafi ɗaya kawai suka canza, suna jiran mai gaggawa.

Wasu kamfanonin sun ƙara wata hanya da ba ta buƙatar Node.js. Layi ne da ke farawa da curl ya ƙare da bash, ko a Windows ya fara da irm ya ƙare da iex. Ma'anarsa: je wannan adireshin, ɗauko rubutun da ke can, ka gudanar da shi nan take ba tare da na gani ba. Idan adireshin na kamfanin ne, lafiya lau. Idan na wani ne, ka ba shi kwamfutarka da hannunka. Saboda haka kada ka kwafi irin wannan layi daga zauren WhatsApp, ko daga ƙasan bidiyo, ko daga hoton da aboki ya turo maka, har da wanda ka gani a wannan rubutun nawa. Ka je shafin kamfanin da kanka, ka rubuta adireshin da yatsunka. Ka kuma lura cewa abin da ke fitowa a saman sakamakon bincike sau da yawa talla ce, talla kuwa 'yan damfara ma suna saye. Umarnin girki yana canzawa daga lokaci zuwa lokaci, na shafin kamfanin shi ne na yau.

Kurakurai uku ne za su fi tare ku. Ka gama girki, ka kira sunansa, taminal ta ce ba ta san wannan umarni ba. Yawanci rufe ta da sake buɗewa ya isa, domin sai ta tashi sabuwa take sake karanta jerin wuraren da take neman manhajoji. Na biyu a Windows ne, inda PowerShell ke cewa an hana gudanar da rubutattun umarni. Saiti ne guda da ake sassautawa ga mai amfani ɗaya, bayaninsa na shafin Microsoft, ba sai an kashe manhajar kariya ba. Duk wanda ya ce ka kashe kariyar kwamfutarka kafin abu ya shiga, ka bar abin nasa. Na uku shi ne EACCES a Linux ko Mac, wato an hana ka rubutu a wani wuri. A nan ne kowa ke garzayawa ya sa sudo a gaban layin. Sudo na nufin a gudanar da abu da cikakken ikon mai gida, kuma kayan npm suna iya tayar da nasu umarnin a lokacin girki. Anthropic da kansu sun ce kada a girka nasu da sudo. Magani shi ne ka girka Node.js ta hanyar nvm, wadda ke ajiye komai a cikin foldarka ta kanka.

Ƙannena mata, wannan taku ce. Na san al'adar nan ta a miƙa wa wani ɗan aji laftof a ce ya saka miki. Zai saka, amma sau da yawa da imel ɗinsa zai shiga, ko ya ce ki faɗa masa kalmar sirrinki don a yi sauri. Layi ɗaya ne fa. Ki zaunar da shi a gefe ya yi bayani da baki, yatsun da ke kan madannai su zama naki.

Ko an bi ƙofar gaskiya ma akwai abin lura, ga kuma misali. A ƙarshen Agustan 2025 wasu suka sace mabuɗin wallafa wata sananniyar manhaja mai suna Nx a rumbun npm, suka saki gurɓatattun nau'o'inta da sunanta na gaske. Wanda tsautsayi ya sa ya girka a 'yan sa'o'in nan, gurɓatacciyar manhajar sai ta duba ko akwai Claude Code ko Gemini CLI ko Amazon Q a kwamfutarsa. Idan ta samu, ta tashe shi da saitin da ke hana shi neman izini, ta umarce shi ya bi fayiloli ya zaƙulo mabuɗai da jakunkunan kuɗin kirifto. A wasu kwamfutocin mataimakin ya ƙi, a wasu ya bi. Abin da aka tattara aka loda shi a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, a bainar jama'a, a cikin asusun mutumin da aka yi wa satar. Wata bai cika ba sai ga wata tsutsar kwamfuta da aka sa wa suna Shai-Hulud, ta bi ɗaruruwan kayan npm tana satar mabuɗai tana yaɗa kanta. Cikin waɗanda abin ya shafa har da ƙwararru, ba 'yan koyo kaɗai ba. Darasin da na ɗauka shi ne, kada kwamfutar aikinka ta zama ma'ajiyar sirri a fili. Fayil ɗin nan da wasunku ke ajiyewa a fuskar allo, mai ɗauke da lambar BVN da kalmomin sirri da kalmomi goma sha biyu na jakar kirifto, ku kwashe shi yau.

Mu zo kan shiga, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka shiga foldar aikinka a taminal, ka rubuta claude, ko codex, ko gemini. Karo na farko zai tambaye ka ta wace hanya za ka shiga. Hanya ɗaya ita ce ta asusunka na kamfanin, ko na Google idan Gemini ne. Burauza za ta buɗe, ka duba adireshin da ke sama ka tabbatar na kamfanin ne, ka shiga, ka amince, ka dawo taminal ka tarar an karɓe ka. Idan burauzar ba ta buɗe da kanta ba, kamar yadda yakan faru a WSL, zai nuna maka dogon adireshi ka kwafa ka buɗe da kanka, wani lokaci a ba ka wata lamba ka dawo da ita ka liƙa. Wannan lamba tsakaninka da taminal ɗinka ce. Ba a tura wa kowa ita, ko da ya ce taimakonka zai yi.

Me ya faru a bayan fage? Kamfanin bai ba taminal kalmar sirrinka ba. Ya ba ta wata doguwar shaida ce da ke cewa mai riƙe da wannan shi ne wane. Shaidar kuma yawanci tana zaune a ɓoyayyar folda a cikin foldarka ta gida, .claude ko .codex ko .gemini, shi ya sa gobe ba za a sake tambayarka ba. Duk wanda ya kwafe fayil ɗin nan a filas zai iya aiki da sunanka, da kuɗinka, bai taɓa sanin kalmar sirrinka ba. Daga nan sai ku gane dalilin da ya sa ba a shiga a kwamfutar kafe, ko ta ɗakin kwamfuta na makaranta, ko ta ofishin coci ko na masallaci da kowa ke taɓawa. Idan ku uku ke amfani da laftof ɗaya a gida, kamar yadda yake a gidaje da yawa, kowa ya buɗe nasa sashen mai amfani da tasa kalmar sirri. Minti kaɗan ne, kuma yana raba rigima.

Tushen duka shi ne imel ɗinka da layin wayarka. Ta imel ake turo maka hanyar shiga, ta waya ake turo lambar tabbatarwa. Da yawanku layin da kuke riƙe da shi da NIN ɗin kawu ko na yaya aka yi masa rajista, tun kuna ƙanana. Ranar da wayar ta ɓace, sai kawu ya taso daga inda yake kafin a dawo da layin, kafin nan kuma asusunka na rufe. Wanda ya kai shekarun mallakar layi ya yi rajistar nasa da sunansa, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗinsa, ya rubuta lambobin ko-ta-kwana a takarda ya adana. Ku kuma sani Claude sai mai shekara 18 ake ba asusu. Ƙarya a shekarun haihuwa hanya ce ta rasa asusun daga baya.

Sai maganar kuɗi, inda na san nan ne ƙafa ke zamewa. A 2025, tsarin biyan wata-wata da aka fi sani na Claude da na ChatGPT dala 20 ne kowanne. A canjin 2025 wannan ya kusa naira 30,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, alawus ɗin mai yi wa ƙasa hidima 77,000. Ga shi kuma tun 2022 bankuna suka riƙa rufe katin naira daga biyan kuɗi a waje, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka buɗe, da iyaka. Don haka ban ga laifin wanda ya ji kuɗin sun yi masa yawa ba. A wannan gurbin ne masu sayar da asusu a WhatsApp da Telegram suka kafa kasuwa, suna ba ka shiga da 'yan canji.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka tambayi kanka ta yaya abin dala 20 ya koma kuɗin kati. Ko dai asusu ɗaya ne aka raba wa mutane da yawa, kowa na iya leƙa hirar kowa, ƙa'idar kamfanin kuma ta hana, ranar da aka gano a rufe. Ko da katin sata aka biya, ka shiga cikin laifin da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta tanada wa hukunci, kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Ko mabuɗin wani bawan Allah ne aka tsinta. Mafi muni shi ne wanda zai ce ka canza wani saiti a taminal don buƙatunka su riƙa bi ta wani adireshi nasa. Wannan duk fayil ɗin da mataimakin ya karanta sai ya ratsa ta hannunsa, duk amsar da za ta dawo ma haka, amsar da ke ɗauke da umarnin da kwamfutarka za ta gudanar. A kowane hali imel ɗin asusun nasa ne. Ranar da ya ga dama ya canza kalmar sirri, ba ka da wurin kai ƙara.

Hanyar halal tana nan, ko da ba ta kai faɗin da kuke so ba. Lokacin da Google ya fito da Gemini CLI, ya ba mai asusun Google na kansa buƙatu 60 a minti da 1,000 a rana kyauta. Irin wannan rabo yakan canza, ka duba na yau, amma ɗan koyo ya fara daga kyauta ba abin kunya ba ne. GitHub na da tsarin ɗalibai da ke buɗe wasu kayan aiki ga wanda ya tabbatar da ɗalibtarsa, 'yan KASU reshen Kafanchan da 'yan Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na sabuwar jami'ar tarayya ta Kachia su gwada da katin makaranta. Wanda kuma ya samu aikin kuɗi, a ce wata makaranta na son manhajar fitar da sakamako, ya sa kuɗin wata ɗaya a cikin farashin aikin, ya biya da sunansa, ya soke idan ya gama. Sokewar nan a sa mata ƙararrawa a waya, don su kamfanonin ba sa mantuwar cire kuɗi.

Hanya ta biyu ta shiga ita ce mabuɗin API, dogon jeren haruffa da ake cajinka gwargwadon abin da ka ci. Ban cika ba ɗan koyo shawarar farawa da shi ba, domin mataimakin taminal yana karanta fayiloli da yawa a kowane zagaye, kuɗi na tafiya ba ka ji. Idan dole ne, ka zuba kaɗan, ka sa iyakar kashewa, ka kashe cikawa ta kai-tsaye. Kada mabuɗin ya shiga cikin rubutun manhajarka. A ajiye shi a fayil ɗin .env, a rubuta sunan fayil ɗin a .gitignore kafin a tura komai GitHub, domin akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai bin sababbin ayyukan da aka ɗora suna tsintar mabuɗai. Idan ya riga ya fita, goge layin ba ya magani, tarihin Git na riƙe da shi. Ka je shafin kamfanin ka kashe mabuɗin ka ciro sabo. Masu ɗaukar hoton allo su sa a sitatus don a san sun fara kodin, a duba abin da ke cikin hoton kafin a ɗora.

An shiga, saura zama na farko. Zai tambaye ka ko ka yarda da foldar da ka tashe shi a ciki. Kada ka tashe shi a foldarka ta gida ko a gindin C, inda hotunanka da takardunka suke. Ka buɗe sabuwar folda don aikin kaɗai, ka rubuta git init, ka adana matakin farko, yadda duk ɓarnar da aka yi za ka iya komawa baya. Sannan, gwargwadon saitinsa, zai riƙa neman izini kafin ya gyara fayil ko ya gudanar da umarni. Tambayoyin suna gundura, na sani, kuma za ka ji ana yaɗa saitin da ke kashe su, --dangerously-skip-permissions a Claude Code, --yolo a Gemini CLI. Su ne dai waɗanda ɓarayin Nx suka yi amfani da su. Ƙwararru na kunna su a cikin killataccen wuri da ba abin asara. A laftof ɗinka ɗaya tilo, mai ɗauke da furojet ɗinka na ƙarshe, ka bar shi ya yi ta tambaya, kai kuma ka yi ta karantawa. Umarnin da ba ka gane ba, ka ce ya yi maka bayani kafin ka amince, musamman idan ka ga rm a ciki, don abin da rm ya goge ba ya zuwa kwandon shara.

Wannan karatun shi ne makarantar. Mai danna eh ido rufe zai gama aiki da wuri, ranar kare furojet kuma malami ya nuna layi ɗaya ya ce me wannan ke yi, a yi tsit. Kuna iya yi masa tambaya da Hausa, yana ƙoƙari, amma saƙonnin kuskure da Turanci za su zo, sai ku saba da su. A Tyap da Jju da Hyam kuwa ku ne malamansa. Tyap ta samu Wikipedia tata a 2022, kuma ƙamus ko manhajar koyon harshen gida aiki ne mai kyau na fara gwaji, muddin kalmomin daga bakin dattawa za ku ɗauko su, shi ya tsaya kan ginin manhajar.

Idan aikin na wasu ne, asibiti ko makaranta ko ƙungiyar manoma, sunayen marasa lafiya da makin yara da lambobin asusun mambobi amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kan duk mai sarrafa su. Ka ƙirƙiri sunayen bogi ka yi gwaji da su, na gaskiyar su tsaya a wajen foldar da mataimakin ke gani. Ka kuma leƙa saitin sirri na asusunka ka zaɓa da saninka ko ka yarda a yi amfani da hirarka wajen horar da na'urorinsu.

Fita ma aiki ce. Rufe taminal ba fita ba ne, shaidar na nan a foldarta. A Claude Code ana rubuta /logout, a Codex kuma codex logout. Ka yi haka kafin ka ba da aron kwamfutar, kafin ka kai ta wurin mai gyara ko da allo kawai za a canza, kafin kuma ka sayar da ita, inda ya kamata ma a share ta gaba ɗaya a sake zuba mata sabon tsari. Idan kuwa sace ta aka yi, a tasha ko a ɗakin kwanan ɗalibai, kada ka jira gari ya waye. Ka shiga asusunka ta waya, ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, ka kashe mabuɗan API, ka canza kalmar sirrin imel, sannan ka tafi ofishin 'yan sanda.